Ɗan Gari a Birni da Sahun Masallaci

    

An nemi mu yi magana a kan halartar sallar jam'i. Mu ba malaman zaure ba ne, alli muka riƙe har muka yi ritaya, saboda haka in mun yi tuntuɓe malamai su gyara.

Falalar abin sananniya ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa sallar jam'i ta fi ta mutum shi kaɗai da daraja 27. Muslim ya kawo labarin makahon da ya nemi a yarje masa ya riƙa salla a gida, aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, ya ce yana ji, aka umarce shi ya amsa. To, ina ga mai ido biyu, ga mota a ƙofar gida? Juma'a kuwa, aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta yi umarni a bar ciniki da zarar an kira.

Amma akwai wani amfani da muke son mu tsaya a kansa, domin mazauna birni ya fi shafa. Lokacin da muke makaranta, kowace safiya sai an kira rajista. Yaron da ya kwana uku bai amsa sunansa ba, mukan tura a dubo shi a gida. Sau da yawa mukan tarar ciwo ne, wani lokaci kuma talla aka ɗora masa. A nan gida babba ba ya bukatar rajista, kowa ya san ɗan wane ne. A birni fa? Mutum yakan shekara goma a gidan haya, maƙwabcinsa bai san sunan mahaifinsa ba. Rajistar da ta rage masa ita ce sahun masallacin unguwa.

Mun ga wannan da idonmu. Wani tsohon ɗalibinmu, mai sana'ar ɗinki a birni, zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗaki, iyalinsa suna nan gida. Kwana biyu ladan bai gan shi a gurbinsa na asuba ba, ya faɗa wa liman, aka je aka buga ƙofa, aka kai shi asibiti da kuɗin da aka haɗa a masallaci. Yau yana raye, har ya aurar da 'ya'ya. Wani kuma, da ba za mu so tuna ranar ba, sai da aka yi ta cigiyar wanda ya san garinsu kafin a sallace shi.

Mun san uzurin da ake kawowa: aiki, cunkoson motoci, fita tun duku-duku. Ba mu ƙaryata kowa ba. Sai dai azahar da la'asar akwai masallaci a ofis da kasuwa, isha'i kuma galibi an dawo. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne mai tsallake masallacin ƙofar gidansa don limamin ba ɗan ƙungiyarsu ba ne, ƙarshenta ya yi sallar a falo, talabijin na magana. Haka nan wasunmu ba su ƙyashin aiko da kuɗin siminti da kwano a gina masallaci a gida, Allah ya saka musu, amma 'ya'yansu ba su taɓa ganinsu sun fita asuba ba. Yaro kuwa, mun shaida a aji, ƙafar uba yake bi, ba bakinsa ba.

Roƙonmu ga shugabannin rassa shi ne, duk ɗan garin nan da ya sauka sabo a birninku, a cikin makonsa na farko a samu dattijo ya kai shi wurin limamin unguwar da ya kama ɗaki, a gabatar da shi da sunansa da na mahaifinsa da garinsu.