KAYAN AIKI DA HALAYEN MARUBUCIN TALLA

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Sakkwato)





Lokacin da sakataren ƙungiya ya kawo mini takardar gayyata, ya ce ana so in yi magana a kan sana'ata, sai da na tambaye shi ko bai yi ɓatan kai ba, domin a cikinmu akwai likitoci da alƙalai da manyan sakatarori, ni kuwa aikina rubuta talla ne. 'Yan ajinmu ba su manta ba, ni ne wanda sunansa ba ya fita daga jerin masu magana da Hausa a cikin aji, kuma babu wanda ya kai ni yankan ciyawa saboda wannan laifi. To ga shi yau Hausar nan da aka hore ni a kanta ita ta yi mini aure, ita ta gina mini gida, ita ke biyan kuɗin makarantar yarana. Saboda haka na karɓi gayyatar, musamman domin 'ya'yanmu da suka ƙare karatu suna zaune, alhali wayar da ke hannunsu ta ishe su fara wannan sana'a.

Duk tallan da kuka ji a Rediyon Rima, ko kuka gani a talabijin, ko a allon bakin hanya, ko ya shigo muku ta waya, akwai wanda ya zauna ya zaɓi kalmominsa. Wannan shi ne marubucin talla. Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Mai shela da sanƙira da dillali da yarinya mai tallan fura duk aikinsu ke nan, wato su faɗi magana gajeriya wadda za ta tsayar da mai wucewa. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki, kuma a kansu zan fara.

KUSKUREN DA YA ZAME MINI MAKARANTA

Mun fara aiki da tafireta da takardar kwafi da injin gurza. Tafiretocin da muka samu na Turanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, sai an gama bugu mutum ya bi da biro yana sa ƙugiya. Da kwamfuta ta shigo wuraren buga takardu, da manhajoji irin su WordPerfect da PageMaker da CorelDRAW, sai muka ɗauka wahala ta ƙare, ashe ita ma ba ta san baƙaƙenmu ba.

A 1994 wani ɗan kasuwa ya ba ni aikin fostar wata madarar gari. Na rubuta masa cewa madarar tana ƙara ƙarfin ƙashi. Na kai maɗaba'a, aka ce in dawo in duba kafin a buga, ni kuwa ina sauri zan tafi ɗaurin aure Gwadabawa, na ce a buga kawai. Aka buga babu ƙugiya ko ɗaya, aka manna a tasha da kasuwa. Kwana biyu bayan haka wani direba ya tare ni, ya ce, "Malam, wagga madara taku, ta ƙashi ta ko ta kashi?" Tasha ta ɗauki dariya. Ɗan kasuwar bai yi dariya ba. Ni na biya kuɗin sake bugu daga aljihuna, na sayar da babur ɗina, kuma bai sake ba ni aiki ba har ya bar kasuwanci. Tun daga ranar ban ƙara barin rubutu ya fita ba tare da na gan shi da idona a sifarsa ta ƙarshe ba.

KAYAN AIKI NA YAU

Na farko, allon rubutu mai baƙaƙen Hausa. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera wa kwamfuta haruffa masu ƙugiya, ya share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Yanzu kuwa tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya game duniya, baƙaƙenmu kuma suna ciki. A waya, Gboard yana da allon Hausa, a kwamfuta akwai Keyman, kuma duka kyauta ne. Don haka wanda ya rubuta fada yana nufin faɗa, ko kura yana nufin ƙura, ba shi da uzurin da muke da shi a da. Sai dai a kula, ba kowane salon haruffa ne na ado yake da ƙugiya ba. Sau da yawa za ka rubuta daidai, mai zane ya sauya salon haruffa, sai ƙ ta zama ɗan akwati. A duba bayan zane, ba kafinsa kawai ba. Ga mai son isar da saƙo ga dattawanmu da almajirai masu karanta ajami, waɗanda ba kaɗan ba ne a Sakkwato, akwai salon haruffa mai suna Alkalami da aka tsara bisa rubutun hannun wannan yanki namu.

Na biyu, ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 har yau ban ga wanda ya kai shi tara kalmomi ba, har da na Sakkwatanci da Katsinanci, kuma an sa shi a intanet. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda ke bayyana Hausa da Hausa, da kuma na Paul Newman da Roxana Ma Newman da ya fito a 2020. Wanda ya ce shi Bahaushe ne ba ya bukatar ƙamus, to bai taɓa neman kalma ɗaya tun safe har azahar ba.

Na uku, manhajar rubutu, Microsoft Word ko Google Docs. Amfaninsu gare mu biyu ne: suna ƙirga kalmomi, suna kuma ajiye tarihin gyare-gyare, ta yadda idan mai kaya ya ce a mayar masa da na shekaranjiya, ba sai an yi ta lalube ba. Amma mai gyaran kuskure na kansa da ke cikin waya da kwamfuta a kashe shi, ko a sauya masa harshe, in ba haka ba zai mayar da Hausarka wani Turanci da ba ka rubuta ba.

Na huɗu, agogon ƙirga daƙiƙa da na'urar ɗaukar murya, waɗanda ke cikin kowace waya. Lokacin rediyo sayensa ake yi, daƙiƙa 30 ko 60, kuma saƙon da Turanci ya faɗa a layi biyu sau da yawa Hausa sai ta ci uku. A ma'aunina, kalma 60 zuwa 70 ke shiga daƙiƙa 30 ba tare da mai karatu ya yi haki ba. Ka karanta, ka ɗauka, ka saurara. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa a yanke murya a haɗa ta da kiɗa. Canva kuma ta isa a tsara fosta a nuna wa mai kaya kafin a je wurin gwanin zane.

Na biyar, ma'ajiya. Na yi asarar aikin shekara uku a faifan kwamfuta da zafi da ƙura suka lalata, kuma babu wanda ke wannan ɗaki da bai taɓa yin kuka ba saboda wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. Yanzu kowane mai kaya yana da jakarsa a kwamfutata, kowane aiki yana ɗauke da kwanan wata a sunansa, kuma kwafinsa yana Google Drive.

NA'URA MAI FASSARA DA MAI RUBUTU

Nan ne matasa suka fi tambayata. Google Translate ya sa Hausa a cikin harsunansa a ƙarshen 2013, ChatGPT kuma ya fito a Nuwamba 2022, wasu irinsa suka biyo baya. Ina amfani da su, ba zan ɓoye muku ba. Idan kaina ya toshe, nakan nemi na'ura ta ba ni take 20, in zubar da 19, ɗayan ya tuna mini da abin da nake nema. Amma matsayinta a wurina matsayin yaron shago ne mai zafin nama wanda bai san gari ba.

Alal misali, an taɓa aiko mini da wani tallan lemon kwalba daga Legas in duba. Kalmar Turancin da suka yi amfani da ita tana nufin sanyi, tana kuma nufin gayu a bakin samari. Na'ura ta fassara, sai ga talla yana kiran matasa su zama masu sanyi. Ku da kanku kun san abin da ake nufi idan aka ce saurayi ya cika sanyi. Har ila yau, na'ura takan ƙaga karin maganar da babu Bahaushen da ya taɓa jin ta, takan gina jimla bisa tsarin Turanci, kuma ba ta san inda ya kamata a ce wannan da inda wanga zai fi shiga zuciyar mai saye a Kasuwar Kara ba. Mafi haɗari, takan ƙara wa kaya amfanin da mai kayan bai faɗa ba. Sannan kada a zuba mata sirrin mai kaya, kamar farashin da bai riga ya bayyana ba.

HALAYEN DA SUKA FI NA'URA

Kayan aiki kowa na iya samu, hali shi ke raba marubuta. Ga waɗanda suka riƙe ni.

Ba na ɗora hannu a kan rubutu sai na yi wa mai kaya tambaya huɗu: me kake sayarwa, wa zai saya, me ya raba naka da na maƙwabcinka, me kake so mai sauraro ya yi da zarar ya ji? Idan ya kawo mini amfani goma, nakan ce ya zaɓi ɗaya, domin ba a gudu ana susar ɗuwawu.

Ina rubutu daga bayan asuba zuwa hantsi, waya a kife. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ƙwaƙwalwa ba ta haihuwa da rana tsaka. Rana ta ganin mutane ce da karɓar kuɗi.

Kowane mako ina shiga kasuwa ba don saye ba. Nakan zauna wurin masu albasa da masu fata da masu goro in saurari yadda ake ciniki, duk kalmar da ta burge ni in rubuta ta. A da ƙaramin littafi ne, yanzu waya ce. Haka kuma ina sauraron Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Salihu Jankiɗi, domin su ne malaman gajarta magana a wannan ƙasa. Ba su riƙe biro ba, amma abin da suka faɗa sau ɗaya har yau yana bakin mutane, kuma wannan shi ne burin kowane mai talla.

Ina barin rubutu ya kwana. Abin da ya yi mini daɗi da dare sau da yawa da safe kunya yake ba ni. Bayan ya kwana, sai in karanta shi da ƙarfi ga mutum uku: gwaggona wadda ba ta yi boko ba, wani direba abokina, da ɗana. Idan gwaggo ta ce "mi aka nuhi?", to aikin bai yi ba, ko da na'ura ta yaba.

Ba na sakin aiki sai mai kaya ya amince a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, domin magana zarar bunu ce, kuma ranar da aka sami kuskure a farashi kowa zai ce ba shi ba ne.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka nauyi, shi ne gaskiya. Akwai doka a kan wannan sana'a. An kafa hukumar APCON a 1988, a 2022 kuma sabuwar doka ta maye gurbinta da ARCON, wadda ke tantance talla kafin ya fita. Tallan magani da abinci kuwa yana bukatar amincewar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Amma tun kafin hukuma akwai amana. An sha kawo mini kuɗi masu kauri in rubuta cewa magani ɗaya yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir gaba ɗaya, na ƙi. Wanda zai ji tallan nan ya bar maganin asibiti ba baƙo ba ne, wataƙila mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a gari irin namu, inda kowa ya san gidan kowa, suna ɗaya mutum yake da shi.

KAMMALAWA

Ranka ya daɗe shugaba, ina da roƙo uku ga ƙungiya. A sa allon rubutun Hausa a kwamfutocin makarantar nan, wannan ko kwabo ba zai ci ba. A sayi ƙamusun Hausa ko da guda biyar a ajiye a laburare. A kuma farfaɗo da ƙungiyar marubuta ta ɗalibai. Ni na ɗauki alkawarin zuwa ranar Asabar ɗaya a kowane wata in zauna da yaran, kyauta, kuma duk wanda ya nuna hazaƙa zan ɗauke shi koyon aiki lokacin hutu.

Ga malaminmu na Hausa, wanda nake hange can a sahun gaba, wanda ya taɓa dawo mini da insha'ina sau uku saboda ƙugiyar ɗ, ina cewa: Malam, ka yi gaskiya, da na ji maganarka da babur ɗina bai tafi ba. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu daga cikin malamai da ɗalibai, ya maimaita mana na baɗi.