Barin Nama da Nono: Zuhudu ne ko Sauya Kasuwa?

Batun da wannan lacca za ta duba shi ne al'adar nan ta ƙaurace wa duk wani abincin da ya fito daga jikin dabba, watau nama da kifi da nono da ƙwai, har ma da zuma. Masu bin wannan hanya sukan ce da ita ne mutum yake sauƙaƙa rayuwarsa. Ya kamata masu sauraro su auna wannan magana kafin su karɓe ta, gama barin wani abinci dabam ne da rage bukata.

Sunan da aka san al'adar da shi a yau, watau vegan, Donald Watson ne ya ƙago shi a Ingila cikin watan Nuwamba na 1944, lokacin da shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Watson malamin koyar da aikin kafinta ne, ya kuwa rayu shekara 95, sai a 2005 ya rasu. Amma bayan da al'adar ta bazu a Turai da Amurka, sai 'yan kasuwa suka shiga ciki. Aka yi ta sayar da naman kwaikwayo da madarar 'ya'yan itacen almon, wanda yawancin abin da duniya ke ci a Kalifoniya ake nomansa, da ban-ruwa mai yawa. Wanda ya bar nonon da ake tatsa a bayan garinsu ya koma sayen na kwali daga wata nahiya, lalle ya bar dabba ta huta, amma bukatarsa ba ta ragu ba. Bugu da ƙari, likitoci sun tabbatar cewa mai wannan hali dole ya nemi sinadarin bitamin B12 daga ƙwaya ko abincin da aka ƙara wa shi, domin tsiro ba ya wadatar da jiki da shi.

Misalin da ya fi dacewa da nazari ya girmi Watson da ƙarni tara. Shi ne Abul Ala'i al-Ma'arri, mawaƙin Larabci da aka haifa a Ma'arra ta ƙasar Sham a 973. Ciwon agana ya makantar da shi tun yana ɗan shekara huɗu. Bayan ya komo daga Bagadaza wajen 1010, sai ya tsare kansa a gida, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma. Abincinsa adas ne, wani ɗan ƙaramin wake, da ɓaure.

Can kusa da ƙarshen ransa, babban mai da'awa na daular Faɗimiyya, al-Mu'ayyad al-Shirazi, ya rubuto masa yana neman dalili. Ƙalubalen da ya yi masa mai nauyi ne, kuma malamai da dama sun goyi bayan irinsa: ta yaya bawa zai hana kansa abin da Allah ya halatta, sai ka ce ya fi Mahalicci jinƙai? Al-Ma'arri ya kawo hujjar tausayi, cewa dabba tana jin zafi, kuma uwa tana baƙin ciki idan aka raba ta da ɗanta. Sa'an nan ya ƙara wani dalili wanda masu yabonsa a yau ba su cika ambata ba. Ya ce abin da yake samu a shekara dinari ashirin ne da 'yan kai, kuma mai yi masa hidima yana ɗaukar kaso daga ciki.

A nan ne maganar ta kai gaɓa. In talauci ne ya hana shi, ai talauci yana da magani. Al-Mu'ayyad ya ce ya rubuta wa mai mulkin Halab a riƙa ba shi abin da zai ishe shi cin abinci mai kyau. Al-Ma'arri ya ƙi karɓa, ya zauna a kan adas da ɓaurensa har ya rasu a 1057.