Haƙƙin Mata: Rigimar Amurka da Tamu ta Gida

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Katsina

Uwar taro, malamanmu masu daraja waɗanda har yau muke jin nauyin ɗaga murya a gabansu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mani magana a kan haƙƙin mata, da dokar hana zubar da ciki, da wannan abu da 'ya'yanmu ke kira feminisanci. Abin da zan faɗa ra'ayina ne, ba na ƙungiya ba.

Musabbabin wannan muhawara dai daga Amurka ya taso. A 1973 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba mata damar zubar da ciki, a watan Yuni na 2022 kuma ta soke wancan hukunci, ta mayar wa jihohi ikon yin dokokinsu. Tun daga nan 'yan matanmu ke ta cacar baki a wayoyinsu, sai ka ce a Ƙofar Soro aka yanke hukuncin. To, mu tamu dokar daban ce. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta zubar da ciki, da hukuncin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14, sai fa idan an yi ne domin ceton ran uwa. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce ta fi tsanantawa a kan wannan mas'ala, amma malamai sun yarda cewa idan ran uwa na cikin haɗari, ita ake fara cetowa. Ni ban goyi bayan a buɗe ƙofa kowa ta zubar don ganin dama ba, kuma ban ga alamar jama'armu na neman haka ba.

Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne, rangwamen da doka da addini suka bayar bai kai ga matan da aka yi shi dominsu ba. Mace ta yi ɓari, jini ya ɓalle mata cikin dare, maigida ya tafi cin rani, babu wanda zai ce a fita da ita. In an samu izini babu mota. In an kai asibiti babu jini. Wani lokaci ma kallon tuhuma za a fara yi mata, ana raɗe-raɗin ko wani abu ta sha, alhali wankin ciki kawai take bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Wanda ke son ya ga waɗanda suka tsira da ƙyar, ya leƙa Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya fara yi wa masu yoyon fitsari aiki tun cikin shekarun 1980. Doguwar naƙuda ce ta kai mafi yawansu can. Babu malamin da ya ce a bar yarinya kwana uku tana naƙuda a ɗaka.

Sai batun feminisanci. Da an ambaci haƙƙin mace sai wani ya ce ai kayan Turawa ne. Malamanmu na tarihi ga su nan zaune, su ne shaida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin Turawa su ci Sakkwato da yaƙi. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan a bar mu mu jefa ƙuri'a, ba a kuwa ba matan Arewa wannan dama ba sai 1976, alhali matan Kudu sun riga mu tun shekarun 1950. Duk wadda ta taɓa dangwala wa wani yatsa a nan, gumin Gambo take ci.

Amma misalin da na fi so mu riƙe na jiharmu ne. A watan Maris na 2002 kotun Shari'a a Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Babbar kotu a Funtuwa ta tabbatar. Duniya ta ɗauka, wasiƙu suka yi ta zuwa daga Turai, wasu ma cike da kurakurai, har ƙungiyar BAOBAB ta roƙi a dakata, domin hayaniyar na iya ƙara dagula lamarin. Me ya kuɓutar da ita? Lauyoyinta, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, littattafan Malikiyya suka buɗe. Suka nuna cewa wanda ya yi iƙirari yana da damar janyewa, kuma fiƙihunmu ya san kwantaccen ciki, wanda ake iya jingina wa tsohon miji har bayan shekaru. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Haƙƙin nata yana nan rubuce tun fil azal. Abin da ta rasa a Bakori shi ne wanda zai karanto mata shi. Shi kuwa namijin da ta ambata, rantsuwa ya yi ya kama gabansa. Wannan ma abin dubawa ne.

Saboda haka idan 'yar wata a cikinmu ta ce ita 'yar feminisanci ce, kada a yi saurin kai mata mari. A tambaye ta me take nema. In ta ce gadon da aka danne wa gwaggonta, ko ciyarwar 'ya'yan da aka sako uwarsu, ko a bar ƙanwarta ta gama sakandare, ai Shari'a ta riga ta faɗa. In kuwa ta ce aure bauta ne, ko kunya ƙauyanci ce, nan kam mun raba hanya, kuma zan faɗa mata a gaban idonta.

Uwar taro, ina da roƙo. A cikinmu akwai lauyoyi, akwai ungozomomin asibiti, akwai malaman Islamiyya. Lauyoyinmu su ware rana ɗaya a wata su saurari zawarawa da marayu kyauta. Sauranmu kuma a buɗe mana rajista, kowa ta rubuta rukunin jininta da lambar wayarta, domin in an nemi jini a ɗakin haihuwa a san wadda za a tasa. Na bar littafi a teburin sakatariya, ga biro nan kusa da shi. Malamanmu maza ma ba a cire su ba.