Shamuwa ta zo, ina ungulu?

 

Zancenmu na yau bisa tsuntsayen gari ne, waɗanda muke kwana da su, muke tashi da su. Mu soma da shamuwa, tunda kowa ya san ta. In ta sauka bisa tsamiya ko kukar gari wajen watan Mayu, manomi ya san lokacin gyaran kalme da fidda iri ya yi. Ba daga kusa take fitowa ba. Da kaka ta wuce sai ta bi ruwan sama ta yi kudu, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. In damana ta matso sai ta komo ta yi sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku. Abincinta fara da tsutsa. Duk farar da ta kai wa ɗiyanta, wannan ba ta cin hatsinku. Kakanninmu da suka hana yara taɓa sheƙarta sun san abin da suke yi.

To amma akwai wadda ba a yi wa wannan gata ba, ita ce ungulu. Ku tambayi tsofaffin Maradi ko na Damagaram yadda take cika mahauta a da. Yanzu ku je ranar kasuwa ku ƙidaya. Wani wuri ko guda ba ku gani. Tun shekarar 2015 masana suka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya.

Mi ya cinye ta? Na farko guba. Mutum ya zuba wa mushe guba don ya kashe dila ko karnukan da ke yi masa ɓarna, ungulu su taru su ci, su mutu tare. Na biyu masu kama ta su saida kanta da ƙafafunta ga masu magani. Ga shi kuwa ƙwai guda tal take yi a shekara. In an kashe goma yau, maida su sai an daɗe.

Wani zai ce, ungulu ƙazama, mi amfaninta? Ƙazantarku take kwashewa, ba ta karɓar ko dala. A Indiya, cikin shekarun 1990, wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, sunansa dikilofenak, ya kashe fiye da tara cikin goma na ungulayen ƙasar, don sun ci mushen shanun da aka yi wa shi. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Dabbar da ta mutu da guba, ku bizne ta da zurfi.

Yanzu mu shiga cikin gida. A wannan zafi tsuntsu ya fi bukatar ruwa bisa tsaba. Ku nemi tsohon kasko marar zurfi, ku sa dutse tsakiya don ƙanana su samu wurin tsayawa, ku aje cikin inuwa inda mussa ba ta iya laɓewa. Ku sake ruwan kowace safiya, in ba haka ba sauro kuke kiwo. Kwana kaɗan za ku ga kurciya da baiwar Allah sun saba. Irin shuka da aka gauraya da magani kuwa, kada a bar shi a warwatse. Yaran da ke yawo da danƙo, a ja musu kunne. Mujiya ma a bar jifarta: kukanta ba ya kashe kowa, ɓeran rumbu take farauta cikin dare.

Mun sani, jan baki yana cin gero, ba mu ce ku bar masa gona ba. A kore shi. Amma laifin jan baki bai shafi shamuwa ba.

Ga aikin da muke roƙonku. Ku ware shafi guda cikin littafinku. Ku rubuta ranar da kuka ga shamuwa ta farko bana, da ranar ruwan shuka. Ku ƙidaya sheƙunanta cikin gari, ku ƙidaya ungulu a mahauta. Baɗi ku sake. Da ƙidaya aka gane raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, ba su kai 50 ba a 1996. Mutanen wurin suka tsare su har suka wuce 600, a 2018 aka kai 8 gandun dajin Gadabeji, ƙasar Dakoro. Abin da kuka rubuta, ku nuna wa ma'aikacin gandun daji in ya zo garinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.