Kayan da Ya Fi Ƙarfin Kwantena: A Koma Baro



Tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala ta biyo baya a 2023, jami'anmu suke magana kamar an gama da matsalar dakon kaya zuwa Arewa. Da sauran rina a kaba. Kwantena faɗinta ƙafa 8 ne, tsawon doguwar ƙafa 40, kuma ita da kayan cikinta ba sa wuce tan 30 da 'yan kai. Kayan da ake kafa masana'anta da shi ba ya shiga akwati. Babbar taransifoma kaɗai takan haura tan 100. Da matatar Ɗangote ta karɓi hasumiyar tace mai daga Sin a ƙarshen 2019, mai tsawon sama da mita 100 da nauyin sama da tan 2,000, a tashar jiragen ruwan da kamfanin ya gina wa kansa a Lekki aka sauke ta. Su ke nan da ke bakin teku. Mu na Arewa fa, da Legas ta yi mana nisan kilomita 1,000?

Ga lissafin da na daɗe ina maimaitawa. Gwajin hanya da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyi. In ka ninka nauyin da ke kan layin taya guda sau biyu, ɓarnar ta ninku sau 16. In sau uku ne, sau 81. Wato layin taya ɗaya mai tan 20 yana cin hanya kamar 16 masu tan 10. Za a ce ai akwai tirela mai layin taya da yawa da ke rarraba nauyin. Kwalta ta samu sauƙi, amma gada nauyin duka take ɗauka. Kun dai ga irin wannan tafiya: mota tana jan ciki, yara a kan kaya da dogayen sanduna suna ɗaga wayoyin wuta, direba ya sauko yana auna gadar sama da ido. Da ido!

Alhali muna da kogin Kwara. A 2009 aka ƙaddamar da yashe shi daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro a 2019, ta zauna jugum. Abokaina na cewa ruwa yana janyewa da rani. Sai me? Taransifoma ba tumatir ba ce. Tun ana ƙera ta an san watan isowarta, sai a daidaita shi da cikar kogi, Agusta zuwa Oktoba.

Don haka a kammala hanyar Agaie zuwa Baro da gadojin da aka lissafa ƙarfinsu don irin wannan kaya. A auna kowace gada daga Jebba zuwa Kano, a buga sakamakon kowa ya gani. Duk kuma kwangilar gwamnati da ta ƙunshi kaya mai haura tan 100, a rubuta a cikinta cewa ta ruwa zai zo.