Tasawa: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Gani



Matafiyin da ya biyo babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram yakan tsaya a Tasawa ya sha ruwa, ya yi salla, ya wuce. Da wuya ya san cewa ƙasar da ya taka ta karɓi Katsinawan da suka yo arewa bayan Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, ko kuwa cewa nan ne mazaunin kwamandan Faransawa har zuwa 1927, lokacin da aka mai da shi Maradi.

Tun a watan Janairu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya iso garin tare da ayarin gishiri daga Abzin. Tasawa ce babban garin Hausa na farko da ya gani. Ya zaga kasuwa, ya leƙa marina, har soyayyar fara da ake sayarwa bai bari ba sai da ya rubuta, kafin ya kama hanyar Gazawa zuwa Katsina. Fara dai har gobe tana nan a faifan mata.

Amma inda ya fi cancanta a kai baƙo shi ne Dankori da Maijirgi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan tana ƙona garuruwa, bayan ɓarnar da ta yi a Lugu da Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda gwamnatinsu ta aiko ya tsai da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu baƙaƙe suka juya musu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Waɗannan Nasara uku an san sunayensu, an san ranar mutuwarsu, littattafai sun cika da labarinsu. Mutanen Koran Kalgo da aka hallaka a cikin wannan wata, mata da yara a cikinsu, sunayensu suna bakin jikokinsu kawai, jikokin kuwa sun tsufa. Wannan aiki ne da ke jiran fada da malaman lakwal: a zauna da dattawan nan, a ɗauki muryarsu, a rubuta.

Daga nan sai baƙo ya nufi Mayahi ranar Litinin, ranar kasuwa, ya bi ta Gulbin Kaba. Goribar kwarin ita ce ke ba mata kabar da suke saƙa tabarmi, a kuma tufka igiya. Wanda ya san kwarin a da zai ga yadda gonaki da gatari suka rage ta, ya kuma ga inda manoma suka fara barin toho ya tashi a cikin gonakinsu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya mai da baƙi gidajensu lafiya.