George Sutherland: Baƙon da ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a Amurka



An haifi George Sutherland a garin Stony Stratford na Ingila a 1862. Goye aka shigo da shi Amurka, zuwa yankin Utah, inda iyayensa suka bi sahun mabiya ɗariƙar Mormon. Daga baya mahaifin ya fita daga ɗariƙar, sai yaron ya tashi baƙo biyu: ba ɗan ƙasa ba, ba kuma ɗan ɗariƙar masu gari ba. Yana da shekara 12 ya bar makaranta ya kama aikin yaron kanti. Da gumin kansa ya koma karatu a Provo, ya wuce Jami'ar Michigan, ya zama lauya a 1883.

Siyasarsa zan bi ta da sauri. Ɗan majalisar dattawan Utah a 1896, Majalisar Wakilai ta ƙasa a 1901, sanata daga 1905 zuwa 1917, inda ya tsaya tsayin daka kan a bai wa mata 'yancin kaɗa ƙuri'a. A 1922 Shugaba Harding ya naɗa shi Kotun Ƙoli.

Inda nake so mu dakata shi ne jihar Alabama, watan Maris na 1931. An sauko da samari tara baƙar fata daga jirgin ƙasan kaya, aka zarge su da yi wa wasu mata biyu farar fata fyaɗe. A garin Scottsboro, taron jama'a ya kewaye kotu har sai da aka kawo sojoji. Alƙalin ya ce ya ɗora wa dukkan lauyoyin garin nauyin kare yaran. Ku lauyoyin gobe kun san abin da wannan ke nufi: aikin kowa, aikin babu kowa. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa.

A Nuwamban 1932 Sutherland ne ya rubuta hukuncin Kotun Ƙoli da ya soke wannan shari'a, alƙalai 7 suka rinjayi 2. Hujjarsa ita ce, ba a ce an saurari mutum ba in ba shi da mai yi masa magana da harshen doka. Ko mai ilimi yana iya rasa yadda zai nuna gaskiyarsa, balle yaron da bai iya karatu ba, nesa da iyayensa, ransa a hannun kotu. A shekarar da ta biyo baya ɗaya daga cikin matan ta janye zarginta. Da an kashe su fa?

Sai dai wannan mutumin ne kuma, a 1923, ya rusa dokar mafi ƙarancin albashin mata a birnin Washington, wai ma'aikaciya da mai gida kowa na da 'yancin yin cinikinsa. A ganina nan ya kauce, kuma tarihinsa ne ya kautar da shi. Wanda ya fita daga talauci da ƙafarsa yakan ɗauka kowa ma hanyar a buɗe take gare shi. Ya gane cewa yaro ba zai iya fuskantar mai gabatar da ƙara shi kaɗai ba, amma bai gane cewa mai wankin asibiti ma ba za ta iya ja da mai biyanta ita kaɗai ba. Kotun ta sauya matsayi a 1937, shi kuwa ya ƙi bi. Ya yi ritaya a 1938, ya rasu a 1942.